Dubu 400 gare ni: zan iya haɗa kwamfutar tebur mai sauri don aikin bidiyo?

Abba_Edita:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masana. Sana'ata haɗa bidiyon biki da walima da saukar karatu, sai ɗan zanen katin gayyata da fosta a CorelDRAW da Photoshop. Laftof ɗina ya gaji, bidiyon minti ashirin sai in sa shi fita, in je masallaci in dawo bai kai rabi ba, ga masu biki suna ta kira. Na tara naira dubu 400, kuma a yanzu ba ni da hanyar ƙara ko sisi. Monita da kibod da maus duk ina da su. So nake in haɗa kwamfutar tebur da za ta yi sauri da gaske. Wani mai shago ya ce in kawo kuɗin ya ba ni Core i7 da RAM 16GB a haɗe, har da canji. A Kano nake. In karɓa ko in sayi kaya ɗai-ɗai in haɗa da kaina?

Sauro99:
Wa alaikumus salam. Ka koma ka tambaye shi i7 ɗin ta wane zamani ce. In ya fara kame-kame, kama gabanka.

Injiniya_Sadi:
Abin da Sauro ya faɗa shi ne mafarin magana. Sunan i7 a jikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Dubi lambar da ke bayan sunan: i7-3770 ta zamani na 3 ce, ta 2012. i7-4790 ta zamani na 4 ce, ta 2014, kuma da tsohon RAM na DDR3 take aiki. i5-8500 ta zamani na 8 ce, ta 2018, tana da ƙwayar aiki 6, wato sassan furosesa da ke aiki lokaci guda, alhali waɗancan i7 ɗin biyu ƙwaya 4 gare su. Kai, i3-12100 ta 2022 ma ta fi su gudu nesa ba kusa ba, duk da sunanta i3. Masu shago sun san mutane sitikar i7 suke kallo, shi ya sa suke ɗora mata kuɗi.

Sai magana ta biyu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zamani na 8, ko Ryzen da ke ƙasa da jerin 2000. Akwai dabarun tura ta da ƙarfi, amma wanda zai kashe duk abin da ya tara bai kamata ya fara da dabara ba. Don haka ni iyakata: kada ka sauka ƙasa da zamani na 8.

Abba_Edita:
Na gode Injiniya. Na kira shi yanzu, ya ce 4790 ce.

Sauro99:
Ka ji ko? Har da canji wai 😂

Baffa_MaiGyara:
Ɗana, ni gyaran kwamfuta nake ci da shi tun ana yayin Pentium 4, ga shawarata. Da wannan kuɗin kada ka ce sai ka sayi komai sabo. Nemi kwamfutar ofis tokumbo mai zamani na 8: Dell OptiPlex 5060 ko 7060, HP EliteDesk 800 G4, ko Lenovo ThinkCentre M720. Kamfanoni a Turai da Amurka suke saye da yawa, in sun yi 'yan shekaru su zubar su canza, shi ne ake kwaso mana. A kuɗi ɗaya ka samu akwati da madabod (babban allon da sauran kaya ke hawa) da furosesa da PSU (mai raba wa kayan ciki wuta), galibi har da lasisin Windows a manne a jikin madabod ɗin. Abin da ya rage maka sai ka cika RAM ya kai 16GB, ka sa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, sauran kuɗin ka nemi katin girafik ƙarami, mai sarrafa hoto.

Amma ka lura da girman akwatin. Akwai dogo, akwai siriri mai kwanciya da ake kira SFF, akwai ɗan mitsitsi kamar littafi. Ɗan mitsitsin galibi ba ya ɗaukar kati. Siririn sai gajeren kati. In ka samu dogon, shi za ka ɗauka ko da ya ɗan fi tsada.

RyzenBoy_KD:
Baffa da girmamawa, ban yarda ba. Waɗannan kwamfutocin ofis ɗin kurkuku ne. PSU ɗinsu wat 180 zuwa 260 ne galibi, kuma wayarsa ba irin ta kowa ba ce, Dell da HP nasu haɗin suke yi, ba mai allura 24 da aka sani ba. Ranar da ya so ya sa babban kati ba fulogin da zai ba shi wuta, kuma ba zai iya zuwa kasuwa kawai ya sayi wani PSU ya dasa ba sai da adafta. Madabod ɗin ma ba lallai ya shiga wani akwati ba.

Ni da ni ne: Ryzen 5 5600G, madabod A520 ko B450, RAM 8GB sanda biyu DDR4-3200, SSD NVMe (nau'in da ya fi sauri) 512GB, PSU mai suna, akwati mafi araha. 5600G ƙwaya 6 gare ta da layin aiki 12, tana da girafik a cikinta, kuma in ta kwali ce da fankarta take zuwa. Ba ya buƙatar kati yau. In ya yi bukukuwan bayan sallah ya tara kuɗi, sai ya sayi kati ya soka kawai. Soket ɗin AM4, wato mazaunin furosesar a madabod, tun 2016 yake, kayansa sun cika kasuwa, gobe yana iya cire furosesar ya sa mai ƙwaya 8 a madabod ɗin nan dai.

Baffa_MaiGyara:
Duk abin da ka faɗa a kan PSU gaskiya ne, ban musa ba. To amma yi mana lissafi, dubu 400 za ta kawo duk kayan nan da ka zayyana a farashin yau? Ku yara kuna kallon bidiyon 'yan Amurka kuna ɗauko lissafin dala. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. Abin da zai faru shi ne ya sayi furosesa da madabod, kuɗi ya kusa ƙarewa, sai ya rufe da PSU ɗin banza. Nan ne ake kuka.

RyzenBoy_KD:
Za ta kawo in ya haɗa da na hannu. Furosesa ba ta cika lalacewa ba, ta hannu ma lafiya lau ce, ya dai duba alluran ƙasanta kada a samu wanda ya lanƙwashe, don a AM4 alluran a jikin furosesar suke. Akwati ma na hannu. PSU da SSD kaɗai zan dage a kan sabo.

Injiniya_Sadi:
Ƙarin bayani kan maganar RyzenBoy: in B450 za ka saya, ka tabbata an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, domin ya riga jerin Ryzen 5000 fitowa. In tsohon BIOS ne za ka haɗa komai daidai, fanka ta juya, allo ya ƙi kawo komai, ka ɗauka an sayar maka da gawa. Ka sa mai shago ya dasa furosesar ya kunna a gabanka kafin ka biya.

Ummu_Hanan_Cafe:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba injiniya ba ce, shagon buga takardu da rajistar jarrabawa nake da shi, kwamfutoci na kan tebur nake aiki da su kullum. Duk kuna ta maganar sauri, ba wanda ya tambayi yaron nan wace irin wuta yake da ita. Abba, a unguwarku awa nawa ake kawo wuta? Janareto kake kunnawa ko sola gare ka? Laftof yana da batir, in an ɗauke wuta aikinka na nan. Ta tebur kuwa ɗif take mutuwa, in kana tsakiyar fitar da bidiyo ka koma farko, wani lokacin ma fayil ɗin ya lalace. Ni sau ɗaya aka dawo da wuta da ƙarfi ta ƙone min PSU biyu a lokaci guda, ɗaya ya tafi da madabod. Tun daga ranar ba na jona komai kai tsaye a bango. Ka cire kuɗin UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, daga cikin dubu 400 ɗin nan tun kafin ka fara lissafin furosesa.

Sauro99:
Hajiya ta zo da zancen da ya fi na kowa.

Abba_Edita:
Gaskiya Anti wutar ba ta da tabbas, wani lokacin da daddare kawai ake kawowa. A shagon da nake zama akwai sola ta maigidana, inbata da batir biyu, amma ya ce kada in jona abin da zai shanye masa batir, don firinta da fanka da fitilu duk a kai suke.

Dan_Maradi_Solaire:
Salamu alaikum. Ni aikin sola nika yi nan Maradi, bari in sa baki tunda an zo wurina. Lissahin mai sauƙi ne. Batir 200Ah na bolt 12 yana riƙe wat-awa 2400 a takarda, amma in irin mai ruwa ne ko na gel ba a son a sha fiye da rabi, wato 1200 kenan. Biyu, 2400. Furosesar 5600G da i5-8500 duk ajin wat 65 ne. In ba babban kati, kwamfutar duka da monita ba za su cika wuce wat 120 zuwa 150 ba ko suna cikin aiki, in rubutu ko zane kake ma ƙasa da haka sosai. Amma ka ɗora kati mai cin wat 185, ka doshi 300 ko fiye lokacin da yake aiki. Maigidanka zai gani a jikin batir tun daren farko. Kuma ka tambaye shi ko inbatar mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. PSU na zamani da yawa ba su shiri da ɗaya irin, sai ka ji suna ƙara ko su kashe kansu lokacin da wuta ta sauya.

GamerZaria:
Ni dai ban ga abin wahala ba. RX 580 8GB ya cika kasuwa kuma araha. Ka haɗa shi da Ryzen 5 3600, ka yi aikinka, ka buga eFootball da GTA V lafiya. Girafik ɗin cikin furosesa wasan yara ne.

Dan_Maradi_Solaire:
Shi ne katin wat 185 da nika magana a kai, ɗan uwa.

Baffa_MaiGyara:
RX 580 kuma na 2017 ne, kuma ka san dalilin arahar? Da shi aka yi haƙar kirifto. Sai da Ethereum ta daina amfani da katin girafik a Satumban 2022, masu haƙa suka juye su kasuwa. Kamar ka sayi babur ɗin da aka yi shekaru ana acaɓa da shi ne, an wanke an goge, yana iya yi maka shekara uku, yana iya tsayawa a sati. Sannan da yawa daga waɗanda ake kawowa daga Caina masu lamba 2048SP ne, wato ƙarfinsu na RX 570 ne aka sa musu babban suna. Ina gyara su, na san abin da nake gani: fanka ta gaji, man sanyayawa da ke kan guntun ya bushe ya zama gari.

GamerZaria:
Nawa shekara biyu kenan bai taɓa min ciwon kai ba Baffa. Na canza masa mai da fanka ɗaya, shi kenan. Ba duka ne suka lalace ba.

Baffa_MaiGyara:
Allah ya ƙara masa lafiya. Kai wasa kake yi da shi, in ya mutu ka yi haƙuri. Shi wannan abincinsa ne.

Hafsat_Motion:
Bari in yi magana a matsayin wadda take irin aikin Abba. Ina ganin an tafi can ana faɗa kan kati, alhali ba a tambaye shi da wace manhaja yake aiki ba, da kuma irin bidiyon da kyamararsa take ɗauka. Wannan shi ne zai raba gardama.

In 1080p ne a Premiere Pro ko CapCut, abin da ya fi taimako shi ne furosesa ko kati mai sashen matse bidiyo na musamman. A Intel sunansa Quick Sync, yana cikin girafik ɗin i5-8500, a Nvidia kuma NVENC. Shi ne yake sa fitar da bidiyo a tsarin H.264 ya yi sauri ba tare da furosesa ta yi ta haki ba. 5600G ma tana da irin nata. Saboda haka ku kula da tarko biyu. Na ɗaya, Intel mai harafin F a ƙarshe, kamar i3-12100F ko i5-12400F, ba ta da girafik a ciki, ba Quick Sync, kuma ba za ta nuna hoto ba sai da kati. Ryzen 5 3600 da GamerZaria ya ambata ita ma sai da kati. Na biyu, RX 6400 da ake yawan ba masu siririn akwati saboda gajere ne kuma ba ya cin wuta, ba shi da sashen matse bidiyo kwata-kwata. Don wasa ya yi, don aikinmu asarar kuɗi ne. In gajeren kati za ka saya, GTX 1650 ya fi dacewa, daga ramin madabod yake shan wutarsa, wat 75, ba ya neman ƙarin waya.

In kuma DaVinci Resolve kake so ka koma, to ita kati take ci, can maganar ta canza.

Kuma don Allah ka koyi aiki da proxy. Premiere za ta yi maka ƙananan kwafin bidiyon ka yi yanka da su sumul, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Kyauta ne, kuma ya fi ƙarin RAM amfani a wurin wanda bidiyo ke masa tsalle-tsalle.

Abba_Edita:
Allah ya saka da alheri Malama Hafsat. Premiere nake amfani da ita, 1080p ne yawanci, sai dai wasu suna turo min na waya mai 4K a haɗa musu. Wasa kuma ba ya cikin lissafina, sai dai in an samu rara.

GamerZaria:
Kowa haka yake cewa da farko 😅

Xeon_Master:
Me ya sa ba wanda ya ambaci X99? A AliExpress ana sayar da madabod da Xeon E5-2680 v4 da RAM a haɗe. Ƙwaya 14, layin aiki 28! Ku kuna ta murna da ƙwaya 6.

Injiniya_Sadi:
Saboda dalilai da yawa. Furosesar saba ce, irin manyan kwamfutocin kamfanoni, ta 2016, ajin wat 120, gudunta 2.4 GHz ne, iyakarta 3.3. Ƙwayoyin suna da yawa amma kowace ɗaya a hankali take tafiya, su kuma Photoshop da CorelDRAW gudun ƙwaya ɗaya suka fi dogara da shi. Ba ta da girafik a ciki, dole kati. Ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Madabod ɗin kuma yawanci da tsofaffin guntaye da aka ciro daga wasu ake ƙera su. In ya zo da matsala, wa zai mayar wa? Mai son gwaje-gwaje da yake da wata kwamfutar a gefe ya saya ya more. Mai sola ta aro, a'a.

Xeon_Master:
A fitar da bidiyo dai ƙwaya 14 ba ƙarya ba ce. Amma maganar wuta na ji.

Malam_Linux:
Duk wannan damuwar ta Windows 11 ku kuka ɗora wa kanku. Sa Linux Mint a kan 4790 ɗin nan, ka yi aiki da Kdenlive da GIMP da Inkscape, ba lasisi ba bairos.

Hafsat_Motion:
Malam, masu buga kati da bana a kasuwa fayil ɗin CorelDRAW suke karɓa, kuma Corel da Adobe ba sa aiki a Linux kai tsaye. Ba lokacin koyon sabuwar manhaja yake da shi ba, amarya tana jiran bidiyonta.

Malam_Linux:
Wata rana za ku gane.

Sauro99:
Tun 2010 kake faɗin haka Malam.

Nura_Banex:
Ni a Abuja nake sayar da kayan kwamfuta, bari in faɗa muku abin da ake ciki a kasuwa. RAM ya yi tsada tun ƙarshen 2025, ba mu muka ƙara ba. Manyan masu ƙera shi, Samsung da SK Hynix da Micron, sun karkata ga irin wanda cibiyoyin AI suke saye, kuma suna rage yin DDR4. SSD ma ya bi sahu. To wannan ya taɓa lissafin RyzenBoy. Kwamfutar ofis da ta zo da 16GB a cikinta yanzu ta fi da daraja, domin in za ka sayi RAM ɗin daban za ka ji a jikinka. Duk lissafin da ka gani a intanet wanda ya wuce 'yan watanni, kada ka dogara da shi, kira kasuwa ka ji na yau. Ka tambayi Beirut Road a can Kano, ka tambayi wani a Computer Village ta Ikeja, ka ƙara kuɗin mota a kan na Legas, sannan ka kwatanta.

RyzenBoy_KD:
RAM na hannu ai yana nan, kuma shi ma ba ya cika mutuwa. A gwada shi da manhajar MemTest86 kawai. Amma duk wanda zai bi hanyar 5600G, kada ya kuskura ya sa sanda ɗaya ta 16GB. Girafik ɗin cikinta ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ɗiba. Sanda ɗaya ta DDR4-3200 tana ba da 25.6GB a daƙiƙa, biyu suna ba da 51.2. Kuɗi kusan ɗaya, hanya ninki biyu. In madabod mai rami huɗu ne, a na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sawa. Sannan a shiga BIOS a kunna XMP, a wasu madabod ɗin ASUS sunansa DOCP, in ba haka ba RAM ɗin zai zauna a 2133 ko 2400 kana zaton 3200 kake.

Baffa_MaiGyara:
A kwamfutar ofis ba ruwanka da wannan, i5-8500 a 2666 take tsayawa, don haka kada a sayar maka da mai tsada a ce zai ƙara gudu. Amma sanda biyu ɗin nan gaskiya ne ko a can.

Ummu_Hanan_Cafe:
Ni abin da na ga ya canza min kwamfutoci da idona shi ne SSD. Tsofaffin da nake shirin zubarwa, da aka cire musu HDD, wato tsohuwar ma'ajiya mai faifai, aka sa SSD sai suka dawo kamar sababbi wajen tashi da buɗe manhaja. Abba ka duba ma, ƙila laftof ɗin naka HDD ne a ciki.

Injiniya_Sadi:
Haka ne Hajiya. HDD yana karanta wajen 100 zuwa 150MB a daƙiƙa, SSD na SATA wajen 550, NVMe na zamani na 3 har 3500. Amma kada Abba ya ɗauka SSD zai rage masa lokacin fitar da bidiyo sosai, wannan aikin furosesa da girafik ne. SSD zai gyara tashin Windows, buɗe Premiere, da jan bidiyo a kan layin yanka. Tsarin da ya dace da shi: SSD 512GB na Windows da aikin da yake kai yanzu, HDD 1TB ko 2TB na ajiye bukukuwan da ya gama. Bidiyon biki cin wuri gare shi, kuma bayan shekara wani zai dawo ya ce nasa ya ɓata a sake tura masa.

Aminu_Gusau:
A yi hattara da SSD na jabu. Na taɓa sayen 1TB a wani shago da araha, Windows ta nuna 1TB ɗin cif. Da kaya suka yi yawa sai fayilolin farko suka riƙa ƙin buɗewa. Ashe ɗan ƙaramin guntu ne a ciki aka yi masa rubutun ƙarya. Da na koma, mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa. Yanzu ba na sayen ma'ajiya sai na gwada ta da H2testw, tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ƙarya ba ta tsira.

Nura_Banex:
Kati ma akwai na jabu, tsohon GTS 450 ake canza wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Abba, ka zuba waɗannan a filashi ka tafi da su kasuwa: CPU-Z don furosesa da RAM, GPU-Z don kati, yana ma rubuta FAKE a gaban sunan in ya gane, CrystalDiskInfo don lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki, FurMark don ka gasa katin na minti goma sha biyar ka ga ko allo zai yi zane-zane ko ya mutu. Mai kayan kirki ba zai hana ka gwaji ba. Kuma a rubuta maka garanti a rasit, da lambar jikin kayan, ko na sati biyu ne.

Baffa_MaiGyara:
Wani abu da ba a faɗa ba: ƙura da zafi. Watan Afrilu a Kano ana haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe komai. Kada ka ajiye ta a ƙasa, ɗora ta a tebur, kada ka matse ta da bango. Duk wata biyu ka buɗe ka hure ta da buluwa, amma ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta yi ta juya ta. In tokumbo ka saya, ranar farko ka goge tsohon man furosesa ka sa sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa. Akwati mai gilashi da fitilu masu launi kuwa bar wa masu kuɗi, mai raga a gaba ya fi shan iska.

GamerZaria:
Baffa fitilun nan fa suna ƙara gudu 😂

Sadiya_BUK:
Ni tambaya gare ni, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Tunda wuta ce matsalar, me zai hana ya sayi laftof mai ƙarfi na hannu kawai? Ga batir, ga shi zai iya ɗauka zuwa wurin biki.

Hafsat_Motion:
Tambaya ce mai kyau ƙanwata. A kuɗi ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi, domin furosesar laftof ta ofis, mai harafin U a ƙarshe, ajin wat 15 ce, in ta yi zafi kuma sai ta rage gudu da kanta. Awa guda tana fitar da bidiyo a zafin nan namu za ki ji kamar za ta narke. Kuma batirin laftof na hannu sau da yawa ya riga ya gaji. Tunda yana da sola a shago, kuma tsohon laftof ɗinsa na nan don fita, ta tebur ta fi masa.

Abba_Edita:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na shiga kasuwa yau da filashin da Oga Nura ya ce. Abu biyu na samu da kuɗina zai iya kaiwa. Na farko HP EliteDesk 800 G4 dogon akwati, i5-8500, RAM 16GB sanda biyu, SSD 256GB, in na saye shi ragowar za ta isa UPS da HDD 1TB, kati kuma sai nan gaba. Na biyu 5600G ta hannu da sabon A520 da RAM 8GB sanda biyu da NVMe 512GB da akwati, amma PSU ɗin da zai shiga lissafin wanda ya zo da akwatin ne, kuma babu kuɗin UPS. Inbatar maigidana na duba, pure sine wave ce.

RyzenBoy_KD:
Na biyun, amma ba da wannan PSU ɗin ba. Waɗanda suke zuwa da akwati sai a rubuta wat 500 a jiki, ka ɗaga ka ji ba nauyi. Rage NVMe ɗin zuwa 256GB, ka nemi akwati na hannu, ka sa bambancin a PSU mai tambarin 80 Plus Bronze na kamfanin da aka sani, wat 450 ko 550 ya ishe ka har da katin gobe. Tunda kan inbata za ka zauna, UPS zai iya jira.

Ummu_Hanan_Cafe:
Zai iya jira in kullum a kan inbatar yake. Ranar da batir ya yi ƙasa maigida ya juya shagon zuwa janareto fa? Ni na farkon zan ɗauka in kwana lafiya.

Baffa_MaiGyara:
Na farkon. Gobe da safe ka fara aiki da shi, ba haɗawa ba BIOS. Ka tambaye shi ko zai karɓi i5 ɗin ya sa maka i7-8700 ka cika kaɗan, ita ƙwaya 6 ce da layin aiki 12, madabod ɗaya suke hawa.

Injiniya_Sadi:
5600G ta fi i5-8500 ƙarfi a fili, musamman wajen fitar da bidiyo da kuma girafik ɗin ciki, wannan ba abin musu ba ne. Tambayar ita ce ko za ka iya jure wata biyu ba UPS ba HDD. Kafin ka yanke, buɗe HP ɗin ka ɗauko mana hoton takardar da ke jikin PSU ɗinsa mu ga wat nawa ne, ka kuma duba ko akwai ramin M.2, inda ake soka SSD na NVMe, da ba kowa a ciki. UPS ɗin ma ka karanta bayansa, mai 650VA wajen wat 360 zuwa 390 kawai yake ɗauka, kuma ka tambaya yaushe aka sa masa batir.

Dan_Maradi_Solaire:
Ta wajen batirin maigida duka biyun daidai suke, ba wanda zai sa a kore ka.

Abba_Edita:
To gobe in sha Allah zan koma in ɗauko hoton. Mai 5600G ɗin ya ce zai riƙe min zuwa Asabar.

Sadiya_BUK:
Tunda masana na nan, ni kuma AutoCAD da Revit za mu fara a zango mai zuwa, kuma kuɗina bai kai na Abba ba. Irin HP ɗin nan zai ɗauke su ba tare da kati ba, ko in buɗe sabuwar tambaya?

Injiniya_Sadi:
AutoCAD na zanen shimfiɗe zai ɗauka. Revit wata magana ce, buɗe sabuwa ki faɗi nawa gare ki da kuma ko a hostel za ki ajiye ta.